Masu shiga sahara da jif, dan Allah a ba ni haske kafin Asabar

Abba_Sharja

Slm jama'a barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga duk wanda ya taɓa shiga rairayi da mota, musamman 'yan uwa mazauna nan Dubai da Sharja ko Katar. Akwai wani abokin aikina ɗan Indiya da ya ishe ni da maganar ƙungiyarsu ta masu jif, duk ƙarshen mako sai sun fita sahara, yanzu da zafi ya fara sauka ma fita biyu suke yi ta safe da ta la'asar, kullum sai ya nuna min bidiyo a waya mota na maƙale a jikin tudun yashi ni kuma ina ce masa sai wani satin. To jiya dai ya ƙure ni, ya sa ni a guruf ɗinsu na WhatsApp kuma ya rubuta sunana a fitar sababbin shiga ta Asabar ɗin nan wajen Al Kudra, ƙarfe shida na safe a haɗu a gidan mai.

Motata Pajero ce 3.5 otomatik, ta hannu na saya, kuma ita ce ƙafata, da ita nake zuwa aiki da ita nake kai yara makaranta, ƙaramar giyar nan ta ogzilari ko hannu ban taɓa kai mata ba. Sun turo jerin kayan da kowa zai zo da su wai tuta mai dogon sanda, oba-oba, shebur, famfon iska mai aiki da batirin mota, geji na auna iskar taya, da katako mai kauri na ɗora jak. Sannan wai da an isa kowa zai sace iskar tayarsa zuwa 15. Nan ne fa kaina ya ɗaure, ni da na saba a gida mai faci ya ɗura min 40 ya ce oga a sauka lafiya, yanzu a ce na taka mota da taya a kwance?

Abin da nake son ji, shin abin nan ba kashe mota ba ne kawai? kuma yaya ranar take tafiya daga farko har ƙarshe dan kar na je na zama abin dariya a gaban Larabawa da Indiyawa. Sai kuma madam da ta ce ita ma ƙafata ƙafarta har da yara, a bar su su zo ko a'a?

Ɗan_Gembu

Hhhh ikon Allah. Wato ku can har ƙungiya ake kafawa dan a je a nemi inda mota za ta kafe? Malam Abba ka adana kuɗin tutarka, ka bari in ka zo hutu da damina ka hawo Mambila, daga Serti ka hau dutse ka iso Nguroje mu saka ka a tsohuwar Land Rover mu nufi ƙauyukan bakin iyakar Kamaru, wlh kyauta za ka kafe tun safe har magariba kuma har turi sai ka yi. Mu nan ba wasanni ba ne hanyar kasuwa ce. Amma da gaske ina bibiyar amsar, dan ni laka na sani ban san yashi ba, mu a taɓo sau da yawa wuta kake ba ta taya ta watsar da lakar ta kama ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, ko a can ma haka ne?

Sadiq_Patrol

Wa alaikumus salam ɗan'uwa Abba. Ka je kawai, Pajero ta ishe ka, rabin motocin da za ka tarar a fitar sababbi ma irinta ne, sai Prado da Xterra da FJ Cruiser da Wrangler da namu Patrol. Bari na fara da na Gembu dan tambayarsa ita ce kan maganar gaba ɗaya. Mutumina a yashi babu wata ƙasa mai tauri da ke jiran ka a ƙarƙashi, yashi ne kan yashi, duk juyin da taya ta yi a banza rami take haƙa maka, ka ƙara wuta ta ƙara nutsewa har cikin motar ya zauna a ƙasa tayoyi huɗu suna lilo. Shi ya sa direbobin da suka taso a laka su ne suka fi shan wuya ranar farko, ƙafarsu ta riga ta saba da danna totur.

Ga yadda ranar take. Kafin asuba za ka bar gida, ka yi salla a masallacin gidan man da aka ce a haɗu, ka cika tanki taf dan mota a rairayi tana shan mai ba kaɗan ba, ka sha shayin karak ɗinka. Daga nan a jera a tafi inda kwalta ta ƙare. Abin da za ka fara gani shi ne manyan mutane kowa ya tsuguna gaban tayarsa, ba ka jin komai sai tsss ta ko'ina, likita ne injiniya ne direban kamfani ne duk a tsugune da geji a hannu. Dalilin sace iskar, in taya ta yi laushi sai wurin da take taka ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu, sai ta riƙa tafiya a saman yashi kamar tafin raƙumi maimakon ta yanka ciki. 15 ɗin da suka ce maka daidai ne ga sabon shiga, tsofaffin hannu suna sauka 12 har ƙasa da haka in yashin ya yi laushi sosai. Amma tana da farashinta, taya mai ƙarancin iska in ka karya kwana da ƙarfi kana gudu sai ta fice daga rim, zan dawo kan wannan.

Sai madugu ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi ya ga ƙugiyar ja ta gaba da ta baya suna nan, ya buɗe but ya ga ba abin da yake yawo, dan jak ko galan ɗin ruwa da ba a ɗaure ba in mota ta yi tsalle kanka zai nema. Ya tara ku ya yi bayani, ya ba kowa lambarsa a ayari. Shi ne a gaba, bayansa wani gwani, ku sababbi a tsakiya, can ƙarshe kuma mai rufe baya wanda yawanci shi ke da winci, wato injin jawo mota, da igiyoyi. Dokar ita ce ba ka wuce na gabanka, ba ka fita daga sawunsa, kuma na bayanka amanarka ne, in ka daina hango tutarsa a madubi ka ɗau oba-oba ka faɗa. Tutar nan da kake ganin kamar ado ce ita ke nuna wa wanda ke ɗaya gefen tudu cewa akwai mota a nan, dan kai ba ya ganin ka.

Farko fili za a bi da ku mai ɗan tudu-tudu dan hannu ya saba, za ka ji sitiyari ya yi sako-sako motar tana ɗan iyo, kar ka yi kokawa da ita. In za ka tsaya kar ka taka birki da ƙarfi dan yashi zai taru gaban taya, ɗaga ƙafa kawai za ta tsaya da kanta, kuma ka nemi wurin da hancinta ke kallon gangara ka tsaya a nan dan tashi ya yi sauƙi.

Sai a shiga tuddai na gaske, nan ne daɗin yake kuma nan ne ake ɓarin bamba. Kowane tudu fuska biyu gare shi, ɓangaren da iska ke bugowa yana da tauri kuma hawansa a kwance yake, ɗaya ɓangaren kuma inda yashin ke zubewa a tsaye yake, ya ɗan haura digiri 30, ga laushi. Hawa yana son ka taho da ɗan gudunka tun daga ƙasa ka riƙe totur a wuri ɗaya, in ka kusa kai ƙoli gilashin gabanka ba abin da zai nuna maka sai sama, a daidai nan za ka sassauta ƙafa motar ta leƙa da kanta hancinta ya sunkuya. Ka sassauta da wuri, cikinta ya hau kan tsinin tudun ta zauna, gaba a rataye baya a rataye. Ka makara, ta tashi sama ta dira da hanci, bamba da lagireto sun tafi. Tsakanin biyun nan bai fi ƙiftawar ido ba kuma ba wanda zai koya maka shi da baki, ƙafarka ce za ta gane. In kana da zaɓi gara ka zauna a kan tudun a jawo ka, ba abin kunya ba ne kowa ya yi.

Sauka kuma a miƙe ake yi, ƙaramar giya, ka bar ta ta gangara yashi na zubowa tare da kai, in ka ji bayanta na son zagayowa ɗan taɓa totur za ka yi ta miƙe, birki shi ke juya ta. In kuwa hawa ya gagara ƙarfinta ya ƙare a tsakiya, KAR ka ce za ka juya a jikin tudu, sa ribas ka sauko a miƙe ta inda ka hau. Kusan duk motar da ka ga ta kife a bidiyo abin da ya faru ke nan, ta tsaya a karkace direba ya nace sai ya haura sama tayoyin ƙasa suka nutse. Duk sanda ka ji ta fi ƙarfinka a gefen tudu, hanci ƙasa.

Wani abu da na gani da idona a irin wannan fitar, wani bawan Allah ya zo da sabuwar Land Cruiser dal ko ledar kujera bai cire ba, aka ce a sauke iska ya tsaya a 25 wai kar ya lalata taya, bai faɗa wa kowa ba. Ko'ina ba a je ba ya kafe a fili, ya dinga ba ta wuta injin na kuka yashi na tashi sama har ƙofarsa ta daina buɗuwa sai ta taga yake magana. Wata mata 'yar Filifin da ƙaramar Jimny ta zo ta zagaye shi a hankali ta wuce ta tsaya. Madugu ko igiya bai ɗauko ba, ya sa geji ya gani ya girgiza kai, aka sauke masa zuwa 12, muka kwashe yashin da ya taru a ƙarƙashinta da gaban tayoyi da shebur, aka sa shi a babbar ogzilari ta ƙasa aka ce ya taɓa totur kaɗan-kaɗan yana kaɗa sitiyari hagu da dama, sai ga ta tana tasowa da kanta. Ƙarfin inji ba ya fitar da mota daga rami.

In ta kai ga ja, igiya ce mai talewa ake amfani da ita, kuma kowa sai ya ja baya nesa fiye da tsawon igiyar, ba ɗaukar bidiyo a kusa. Kuma har abada kar ka yarda a rataya igiya a dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela, yana karyewa ya taho da gudun harsashi, ya kashe mutane a ƙasashe da dama.

Maganar fitar taya daga rim, in ta faru za ka ji motar ta ja gefe ɗaya sitiyari ya yi nauyi, tsaya nan take. Amfanin katakon da suka ce ka kawo ke nan, a share yashi a shimfiɗa shi a ɗora jak a ɗaga, a wanke bakin rim da ruwan gora a fitar da yashin da ya shiga, a haɗa famfo mutum biyu su riƙa jawo tayar waje, sai ka ji fau! ta koma. Ba a ma ciro safaya.

Wajen ƙarfe goma ake fita, dan in rana ta ɗaga inuwa ta ɓace duk tuddai su zama fari ɗaya ba ka gane rami, yashin ma ya saki ba kamar na sassafe da raɓa ta danne ba. A bakin kwalta kowa ya mayar da iskarsa yadda aka rubuta a jikin ƙofar motarsa, kar ka ce bari na ƙarasa gidan mai a guje da taya 15, zafi take ɗauka ta fashe. Daga nan a shimfiɗa tabarma a ci abin da kowa ya kawo. Yankin Al Kudra cikin gandun Al Marmum yake, in da rabo za ku ga barewa har da mariri, ba a bin su da mota, ba a taka ciyayi ko a matsa wa bishiyar nan da suke kira gaf, kuma ko ledar ruwa ba a bari. In abin ya shige ka daga baya sai su kai ka Maliha wajen dutsen nan na Sharja, da Al Badaya a hanyar Hatta, ni dai can ban cika so ba saboda cunkoson masu babur mai taya huɗu da motocin 'yan yawon buɗe ido, sai Suwaihan, sai uwa uba Liwa a bakin Rub'ul Khali inda tudun Tal Murib yake. Amma wannan ba zancen bana ba ne.

Abba_Sharja

Kai yaya Sadiq Allah ya saka da alheri, na karanta na sake karantawa. Saura abu biyu, a wace giya zan sa ta? na duba akwai 2H da 4H da 4HLc da 4LLc. Kuma a guruf ɗin na ga suna ta maganar a kashe tirakshan, ni na ɗauka shi ke taimakon mota kar ta zame.

Usta_Kabiru

Malam Abba ni aikina ke nan, gareji nake a Sana'iyya, unguwar masana'antu ta Sharja, kuma duk Litinin sai mun karɓi waɗanda sahara ta tauna. 4HLc za ka sa da zarar ka sauka daga kwalta, ita ke kulle gaba da baya su riƙa juyi tare. 4LLc ta fita daga rami ce ko saukar tudu mai tsayi, kuma sai ka tsaya cak ka sa giya a N kafin ka shigar da ita, kar ka yi gudu a cikinta. Da kun fito ka mayar 2H ko 4H kafin ka hau kwalta, in ka manta ta a kulle kana karya kwana a kan titi za ka ji tana ƙugi tana turjewa, kana cin tiransifa ke nan, wato akwatin giyar ogzilari. Tun yau ka nemi fili ka gwada su duka ka ga fitilar dashbod ta daina ƙiftawa ta tsaya, motar da aka daɗe ba a taɓa mata ogzilari ba takan yi gardama, gara ka gane yau da ka gane a gaban mutane.

Tirakshan a kan titi abokinka ne, a yashi kuma da ya ji taya ta ɗan zame sai ya kama birki ya rage wa inji ƙarfi, kana tsakiyar hawa ka ji mota ta mutu a ƙafarka. Ka danna maɓallin ka kashe, amma a Pajero maɓallin ba ya kashe shi duka shi ya sa masu yin abin sosai suke zuwa mu sa musu makashi na daban. Kai ba ka kai nan ba tukuna, kar ka taɓa waya ko fiyus.

Ciwon Pajero da kowa ya sani bambar baya ce, robar ƙasanta tana ɗibar yashi in kana saukowa daga tudu ta ɓalle ta, wasu cire robar suke yi wasu a sa musu faranti, haka robar ƙarƙashin inji ta gaba ba ta da ƙwari. Ka duba ruwan lagireto da fanka da baƙin mai da man giya, a ciki kuma ka mayar da giyar gefen hannu ka riƙa zaɓar ta ɗaya da ta biyu da kanka dan in ka bar ta a D canje-canje take ta yi man giyabos ya yi zafi. Idonka a kan allurar zafi, in ta fara hawa kashe AC ka juya hancin motar wajen iska ka bar inji a kunne. Kun dawo ka ciro filtar iska ka kakkaɓe, a wanke ƙarƙashi.

Kashe mota kuwa, gaskiya ba zan ce ba ta ci ba, shokoba da bushin suna saurin gajiya fiye da motar da ba ta barin titi. Amma manyan ɓarnar da nake gani duk ta masu shiga su kaɗai ce ko masu son a ɗauke su bidiyo. Kuma ka buɗe takardar inshorarka ka karanta, ba kowace ce take biya in abu ya faru a cikin sahara ba, in babu ka kira su su ƙara maka kafin ranar.

Alhaji_Tawa

Assalamu alaikum yaran kirki. Ɗana ne ya nuna mini wanga zance cikin salula yac ce Baba ga naku. Ni na yi tuƙin kat-kat, wato mota mai ogzilari, tsakanin Agadas da Dirku zamanin da ƙarfi shina nan, sama da kilomita 600 ba kwalta ba gari, sai rijiya, ta Iccen Tenere da ta Ashegur. Abin da Sadiku yaf faɗi na iska gaskiya ne, mu da kilo muke aunawa, in munka shiga rairai mai laushi mu sauke ta wajen kilo guda, kuma wancan zamani ba mu da tuta ba mu da oba-oba, tol muke ɗauka, wato faranti guda biyu na ƙarhe, in ta kahe a gina a sa ƙarƙashin taya ta hau, yaran mota su ɗauko su ruga su sake sawa gaba, haka haka har a hita. Tahiya kuwa da sanyin sahiya da marece da dare, tsakar rana a shiga ƙarƙashin mota a kwanta.

Ban hana ku wasanku ba, ina yaro ma mun sha kallon masu tseren Paris-Dakar da sunka riƙa biyowa ta Agadas, yanzu an ce tun 2020 Saudiyya anka maida shi. Amma ku san wurin da kuke wasa. Ku kuna shiga awa huɗu ku hito ku sha shayi, gari na bayanku salula na kamawa. Mu abin da muke lissahi kahin man mota shi ne ruwa, jarka nawa mutum nawa kwana nawa in mota ta mutu. A 2013 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya motoci sunka lalace da mutane, gawa 92 anka tsinta, mafi yawa mata da yara, ƙishirwa ce ba wani abu ba. Saboda haka abu biyu nike gaya ma Abba. Kada daɗi ya kwashe ka wata rana ka ce na iya, ka ɗau iyali ka shiga da mota guda, ko kusa ne. Na biyu in ta lalace ko ka ɓace kada ka bar mota ka taka da ƙahwa, mota ana hango ta daga nesa kuma tana ba ka inuwa, mutum ba a ganin shi, sawunshi ma iska na shahewa.

Kuma a bi madugu. Iccen Tenere da kuke ji, shi ɗaya ne tsaye cikin wannan hili duka, ayarin gishirin Bilma da shi suke gane hanya, amma a 1973 wani direban babbar mota ya zo ya banke shi, yanzu gungumen na gidan tarihi na Yamai sai na ƙarhe anka kafa a wurin. Ko ina hili ne amma sai da ya same shi.

Sadiq_Patrol

Allah ya ƙara girma da lafiya Baba, wlh mu 'yan wasa ne a gabanku. Abba ka ji dai, ruwa ka ɗauka fiye da wanda kake ganin za ka sha, kuma ka ajiye 999 na 'yan sanda da 998 na motar asibiti a wayarka.

Maman_Hanan

Tunda maza duk kun tsallake maganar madam bari ni na amsa. Mu a Katar muke, maigidan yana fita da irin ƙungiyar nan daga Silain bayan Misa'id har Khor Al Udaid inda teku ya shigo cikin yashi kana hango Saudiyya a tsallaken ruwa, wurin yana da kyau ba ƙarya. Amma Malam Abba fitar farko ka bar ta a gida, ko in ta matsa ta zo ita kaɗai ban da yara. Dalili, kai kanka ranar a tsorace kake, kunnenka na kan oba-oba idonka na kan sawun na gaba, sai ga yaro na kuka a baya ita kuma duk tudun da aka hau tana salati tana riƙe maka hannu, ba za ka ji abin da madugu ke faɗa ba. Kuma wanda ke zaune a baya ya fi direba jin jiri nesa ba kusa ba, yaran da suka ci wainar ƙwai da shayi mai madara da asuba a kujera za su dawo da shi, ni na wanke na sani. Ka tambayi ƙungiyar ma tukuna, wasu ba sa yarda da ƙananan yara a fitar koyo, in sun yarda kuma dole kowane yaro da kujerarsa da bel.

In hannunka ya faɗa sai ku zaɓi fitar la'asar wadda ake ƙarewa da zama a kunna wuta a gasa nama, ita ce ta iyali, ku tafi da rigar sanyi dan da rana ta faɗi a watan Disamba da Janairu sanyin sahara ba wasa. Kuma kar ka yi mamaki in ita ta ƙwace sitiyarin daga baya, a ƙungiyar maigidan akwai matan da su ke jan ayari.

Abba_Sharja

Na gode Hajiya, na nuna mata ta karanta da kanta ta ce ta haƙura sai ta gasa naman. Usta zan shigo Sana'iyya gobe bayan la'asar a duba min robar bayan nan da ogzilarin. Baba na ji kuma na riƙe, Allah ya ja kwana. Yaya Sadiq ina zan samu tutar da oba-oba ba tare da an yanke ni ba, kuma a ina ake ɗaura ta a Pajero?

Sadiq_Patrol

Kasuwar Dragon Mart ta Dubai, duk kayan suna nan har famfon da geji, ka yi ciniki. Famfon ka ɗau mai maƙalawa a kan batir kai tsaye, mai shiga ramin sigari sai ka kwana kana jiran taya ɗaya. Tutar kuma a Pajero yawanci a jikin safayar baya ake ɗaura mariƙinta, Usta zai iya sa maka gobe tunda za ka je, amma sandan kar ka kafa shi sai kun isa bakin yashi. Oba-obar ka tambayi ɗan Indiyan naka lambar tashar da suke amfani da ita ka saita ka yi mata caji tun daren Juma'a, akwai masu zuwa da ita a kwali suna neman wanda zai saita musu ana jiran su rana na ɗagawa.